BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Laccar da Aka Yi wa 'Yan Kasuwa a Hayin Banki, Kaduna

  Iyayenmu mata da kuka baro rumfunanku, da samari 'yan dako da masu tura baro, da 'yan'uwa da kuka taso daga Kawo da Unguwar Kanawa da Badarawa da Unguwar Dosa, sannunku da zuwa.

Maganarmu ta yau a kan wata 'yar kalma ce guda, wadda lauyoyi da manyan ma'aikatan Gwamnati suke jefa wa juna cikin takardunsu, mu kuwa talakawa ba a taɓa zaunar da mu an fassara mana ita ba, alhali kuwa abincinmu da jarinmu suna rataye a kanta. Kalmar ita ce ex ante. Daga harshen Latin take, watau harshen Rumawan da, wanda har yanzu masu shari'a suke aron kalmominsa. Ma'anarta ita ce "tun gabanin abu ya auku." Tana da kishiya, ex post, watau "bayan abu ya riga ya auku." Wani masanin tattalin arziki na ƙasar Suwidin, Gunnar Myrdal, shi ya yaɗa su cikin shekarun 1930, don ya rarrabe tsakanin abin da mutum yake tsammanin samu ran da zai zuba jari, da abin da ya tarar a hannunsa bayan an tashi kasuwa.

Kada sunan ya ba ku tsoro, don kun daɗe kuna aiki da shi. Wanda ya tafi Saminaka da kaka zai sayi masara, ya tsaya ya lissafa kuɗin buhu da na mota da na dako da na ajiya kafin ya kwance lalitarsa, wannan lissafin tun-kafin ya yi. Lissafin da zai yi da bazara, bayan ya sayar, ya ga riba ko faɗuwa, wannan na bayan-aukuwa ne. Bahaushen da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, na farko yake nufi. Wanda ya ce ihu bayan hari, na biyu yake wa ba'a. Saboda haka daga nan zuwa ƙarshen magana mu ajiye wa Rumawa harshensu, mu riƙa cewa tun-kafin da bayan-aukuwa.

Abin da nake so kowa ya koma gida da shi ke nan: duk dokar da za ta taɓa wuyan talaka ko jarinsa, lalle ne a yi abu uku tun kafin ta fara cizo. A rubuta ta a sanar. A auna abin da za ta haifar. A ba mutane lokaci su shirya. In an bar ɗaya daga cikin ukun nan, kome kyan niyyar mai mulki, talaka ne zai biya.

A RUBUTA LAIFI KAFIN A KAMA MAI LAIFI

Dattawan da ke nan sun san zamanin En'e. Cikin shekarun 1950 ana iya kai mutum gaban alkali a ɗaure shi bisa abin da ake kira al'adar ƙasa, ba tare da an buɗe wani littafin doka an nuna masa inda aka rubuta laifin da adadin horonsa ba. 'Yan NEPU da yawa sun sha ɗauri ta wannan hanya, a ce sun ci mutuncin sarauta ko sun yi taro ba izni. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidan yari sau da yawa. Mutum ba ya sanin iyakar da zai taka sai ya ji ankwa a hannu.

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta gayyato waɗansu manyan masana shari'a, shugabansu kuwa shi ne Babban Jojin ƙasar Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka tsara kundin laifuffuka da ake kira Final Kod. A nan Kaduna aka zartar da shi, a zauren Lugard Hall da ba shi da nisa da inda muke zaune, ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. Kundin yana da nasa aibi, amma ya kafa wata ƙa'ida babba: ga laifi a rubuce, ga horonsa a rubuce, kowa yana iya sani kafin ya aikata.

To, ku ji abin da kan faru in aka karya wannan ƙa'ida. A 1984 Gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 20, wadda ta sa hukuncin kisa a kan fataucin hodar iblis, sa'an nan aka mai da dokar baya ta hau kan abin da aka aikata kafin a kafa ta. Ran 10 ga Afrilu 1985 aka harbe samari uku a Legas: Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Ba wanda ya ce fataucin ƙwaya abin kirki ne. Amma aƙalla ɗaya daga cikinsu, Ogedengbe, ran da ya aikata laifinsa horonsa bai kai kisa ba. An auna masa da mudun da ba a ƙera ba ran da aka yi cinikin. Ku 'yan kasuwa ne, ku faɗa mini, wa zai yarda a sayi hatsinsa yau, gobe a dawo da babban tiya a ce da shi za a sake awo?

Tsarin Mulkin 1999 ya toshe wannan ƙofa a wuri uku. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 8, ya hana a kama mutum da laifi kan abin da ba laifi ba ne ran da ya yi shi, ya kuma hana a ɗora masa horon da ya fi wanda ke akwai a ranar. Ƙaramin sashe na 12 ya hana a yanke wa kowa hukunci sai laifin da horonsa suna cikin rubutacciyar doka. Sashe na 4, ƙaramin sashe na 9, ya hana Majalisar Tarayya da ta Jiha yin dokar laifi mai komawa baya.

Kada ku ce wannan maganar manyan kotuna ce. Ran da wani mai kaki ko mai baje ya tsaya bakin rumfarki, Hajiya, ya ce kin yi laifi ki kawo tara, tambayar farko ita ce: wace doka ce, yaushe aka yi ta, nawa ta yanka? A 2016 Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta tattara harajin jihar cikin doka guda, aka sake gyara ta a 2020. Kuɗin da mai karɓa ya kasa nuna gurbinsa cikin doka, ya kuma ƙi ba da rasit, sunansa ƙwace.

A AUNA KAFIN A YANKA

Tela ba ya sa almakashi a shaddar mutane sai ya yi awo, don in ya yanka ba a mayarwa. Haka Gwamnati take da hanya biyu ta tsare jama'a daga cuta. Ko dai ta bincika abu kafin ya shiga kasuwa, ko kuwa ta bari ɓarna ta auku sa'an nan ta kama mai laifi. Inda ɓarnar mai gyaruwa ce, hanya ta biyu takan isa. Wanda ya sayar maka da takalmi mara ƙwari, kana iya mayar masa. Amma inda rai ne, kama mai laifi ba ya ta da mamaci.

A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a ƙasar nan saboda ruwan maganin zazzaɓi da aka haɗa da guba. Bayan wannan, a 1993, aka kafa hukumar NAFDAC, wadda aikinta shi ne ta gwada magani da abincin gwangwani ta ba su lamba kafin a kai su kanti. Lambar nan da kuke dubawa jikin kwalba, ita ce aikin tun-kafin. Haka kuma a 1992 aka yi Doka ta 86, wadda ta tilasta wa mai son kafa babbar masana'anta ko madatsar ruwa ko babbar hanya ya fara binciko abin da aikin zai yi wa ruwan sha da gonaki da lafiyar mutanen wurin, a baje rahoton jama'a su gani, tun ba a sa diga a ƙasa ba.

To, in ana tilasta wa mai maganin tari ya kawo kayansa a gwada, me zai hana a gwada manufar Gwamnati wadda za ta shiga kowane gida? Ku tuna ran 29 ga Mayu 2023. Shugaba Bola Tinubu yana jawabin kama mulki ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Kuɗin mota daga Kawo zuwa kasuwar Gumi ya tashi, kuɗin ɗauko tumatir da hatsi ya tashi, kome ya bi. Ana iya gardama a kan ko tallafin ya cancanci cirewa, kuma manyan 'yan takarar zaɓen 2023 duk sun ce za su cire. Amma abin da za a rage wa talaka zafi da shi, sai daga baya aka shiga nemansa. Ƙarin albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000 bai zama doka ba sai Yuli 2024, fiye da shekara guda bayan an yi yankan. Mai rumfa kuwa ko albashin ba ta da shi. An fara yanka, sa'an nan aka ɗauko magwaji.

A BA DA LOKACI

Yanzu mu zo kan abin da kowa a nan ya ɗanɗana, watau canjin kuɗi. Ran 26 ga Oktoba 2022 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Dalilan da aka bayar ba na banza ba ne: an ce yawancin kuɗi suna waje da banki, ana buga na jabu, masu satar mutane kuma da tsabar kuɗi suke karɓar fansa. Sababbin takardu suka fara fita ran 15 ga Disamba, aka ce tsofaffi za su daina aiki ran 31 ga Janairu 2023. Ku ƙirga, kwana 47 ke nan, ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wadda ƙauyuka da yawa ba su taɓa ganin ƙofar banki ba. Da aka matsa, aka ƙara kwana 10.

Kun san sauran. Aka kwashe tsofaffin kuɗi, sababbi ba su wadata ba. Tsabar kuɗin da ke yawo a ƙasa ta faɗo daga fiye da naira tiriliyan 3 zuwa ƙasa da tiriliyan 1. Mutum da kuɗinsa a banki ya kwana a layi, ya koma sayen naira da naira wurin masu POS. Mai tumatir ta zuba wa kayanta ido suna ruɓewa. Manomi ya karyar da hatsinsa da akuyarsa ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu.

Gwamnatin Jihar Kaduna, a ƙarƙashin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, tare da ta Kogi da ta Zamfara, suka kai Gwamnatin Tarayya ƙara Kotun Ƙoli, daga baya waɗansu jihohi suka shiga. Ran 3 ga Maris 2023 alƙalai bakwai suka yanke hukunci, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Cikin manyan dalilansu akwai cewa dokar Babban Banki ta 2007, sashe na 20, ta shar'anta a ba jama'a sanarwa mai isasshen lokaci kafin a janye kuɗi, kuma ba a bayar ba. Suka ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba 2023. A Nuwamba na wannan shekara kotun ta ɗage wa'adin ɗungum.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, kotun ba ta ce Gwamnati ba ta da ikon canja kuɗi ba. Rashin shirin tun-kafin ta kama ta da shi. Na biyu, hukuncin kansa ihu ne bayan hari. Ya zo da gaskiya, amma bai mayar wa mai tumatir kwandonta ba, bai mayar wa manomi akuyarsa ba. Shi ya sa muke cewa haƙƙin da aka ba ka tun farko ya fi nasarar da ka samo a kotu.

Ku gwada da Ingila. Bankinsu ya fito da sabuwar takardar fam 20 a Fabrairu 2020, bai kashe tsohuwar ba sai ƙarshen Satumba 2022, fiye da shekara biyu da rabi, sa'an nan ko bayan haka wanda ya tsinci tsohuwa cikin akwati yana iya kai wa bankin a canja masa. Ashe ana iya canjin kuɗi ba a karya kowa ba.

Haka zancen yake a kan fili da rumfa. Kun ga yadda aka rushe Kasuwar Barci ta Tudun Wada a Maris 2020 don a sake gina ta. Ba mai ƙin kasuwa ta zamani. Amma ɗan kasuwa ba ya ajiye cikinsa sai gini ya ƙare. Tsarin Mulki, sashe na 44, ya ce in Gwamnati za ta karɓi dukiyar mutum dole a biya shi diyya ba da jinkiri ba, kuma yana da ikon zuwa kotu in bai yarda da ƙimar ba. Dokar Filaye ta 1978 ta ce sai an ba mai fili notis kafin a soke haƙƙinsa. Mu kuwa abin da ya kamata mu nema ya wuce haka kaɗan: a nuna wurin da za a zauna na wucin gadi, a rubuta sunan kowane mai rumfa, a faɗi kuɗin sabon shago a takarda, duk tun katafila ba ta iso ba. Bayan ta wuce, ba ka da abin nunawa sai ɓaraguzai.

INDA AKE FAKEWA DA GUZUMA

Sai dai kada wani ya tashi daga nan ya ce duk abin da aka yi tun-kafin alheri ne. Neman izni ma tun-kafin ne, kuma da shi aka daɗe ana toshe bakin talaka. Zamanin En'e sai da takardar izni ake yin lacca irin wannan, wanda kuwa za a soka a laccar shi ne mai ba da takardar. Dokar zaman lafiya ta 1979 ta ci gaba da irin wannan. A Satumba 2003 'yan sanda suka tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano bisa cewa ba izni. Aka je kotu, har a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tilasta wa mutane neman iznin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa Tsarin Mulki.

Ga yadda za ku rarrabe. In abin da ake tsoro ba ya gyaruwa, kamar guba a magani ko ginin bene mara ƙarfi, bincike tun-kafin rahama ne. In kuwa magana ce ko taro ko neman abinci na halal, to a bar mutum ya yi, in ya karya rubutacciyar doka a kai shi kotu. Sa'an nan kowane izni yana bukatar sharuɗɗa a bayyane da kuɗi a bayyane da ranar amsa. Iznin da ba shi da waɗannan, ƙofar cin hanci ce.

Akwai kuma adalcin da mu ma ya wajaba mu yi wa masu mulki. In za a auna shawarar shugaba, a duba abin da ya sani, ko ya kamata ya sani, ran da ya yanke ta. Manomin da ya yi shuka kan lokaci fari ya zo, ba shi da laifi. Wanda aka ce masa fadamar nan tana cin ruwa ya ƙi ji, ba zai ce ƙaddara ba. To, ko da wannan ma'auni mai sauƙi, canjin kuɗi bai tsira ba, don a Janairu 2023, tun wa'adi bai cika ba, Majalisar Dattawa da ta Wakilai duk sun nemi a ƙara watanni shida. An faɗa tun-kafin, ba a ji ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Jama'a, mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Mu ne masu kwarmin ido, don jarinmu ba ya jure mako biyu ba ciniki. Saboda haka kowace ƙungiyar kasuwa, ta mahauta ce ko ta 'yan gwari ko ta masu hatsi ko ta teloli, ta sa wa sakatarenta aikin sauraron abin da ke tafe. Majalisar Jiha takan kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta zartar da waɗansu dokoki, kuma kowace shekara akan gabatar da kasafin kuɗi kafin a fara kashewa. Nan ne wurin magana. Ku je da takarda, da sa hannun membobinku. Kansilan mazaɓar Hayin Banki da ɗan majalisarku ku kuka zaɓe su, ku tambaye su abin da ke gabansu tun bai zama doka ba.

Duk wanda ya zo muku da sabuwar oda, daga Ƙaramar Hukuma yake ko Jiha ko Abuja, ku yi masa tambaya biyar cikin ladabi. A wace doka aka rubuta? Yaushe za ta fara aiki? Wa aka shawarta cikinmu? Wa zai yi asara, kuma nawa? Me aka tanadar masa kafin ranar? Ku ma ku gyara naku. Takardar rumfa da rasit ɗin haraji da yarjejeniyar haya, a adana su yau, a yi musu hoto a ajiye wani wuri dabam. Bashi da adashi da jinga, a faɗi sharaɗi gaban shaidu tun ran ƙullawa. Wanda ya yarda da cinikin biri a sama a rumfarsa, da wane baki zai hana Gwamnati ta yi masa?

Wanda ya ji wannan magana ya kai wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu shugabanni masu awo kafin yanka, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.